Motar da Na Saya da Rumfata

Ran Sallar layya da ta wuce ina zaune ina gyaran kayan ciki, sai na ji ku biyu, kai Mutari da kai Salisu, kun ɗaga murya har maƙwabta suna leƙowa, wai duk a kan mota. Mutari ya ce mai giyar hannu ita ce mota, haka Baba yake faɗa. Salisu ya ce ai Baba ne direban da ya fara wayewa a Tamanrasat, shi ya fara hawa otomatik tun mutane suna cikin duhun kai. Kowa ya ja mamaci ɓangarensa, ba wanda ya juyo ya tambaye ni, ni da na san inda motar ta fito da abin da ta ci. A lokacin Mutari bai fi tsayin taya ba, Salisu kuwa yana bayana a goye. Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni. Shi ya sa na ce kafin in bi shi, bari in zauna in rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance, ku daina yi wa ubanku ƙarya da sunan yabo.

Babanku Issufu direban hamada ne. Kat-kat ɗin wani ɗan kasuwa, motar nan mai ja da tayu huɗu, yake tuƙawa tsakanin Tam, wato Tamanrasat inda muke zaune, da Agadas, kuma ba don mijina ne ba, a zamaninsa ba a yi wanda ya fi shi sanin yashi. Babban abokinsa shi ne wana, Yaya Habu, mai kamyo, wato babbar motar kaya, wanda ya haɗa aurenmu tun a Damagaram, kuma shi ne madugun direbobinmu, in za a shiga hamada shi ke cewa wa zai bi ayari, wa ba zai bi ba. Majalisarsu tana bayan kasuwar Assihar, dab da rumfata, inda nake sayar da turare da lalle da yaji da busasshiyar kuɓewa. Ina awo ina jin gardamarsu, don haka ban taɓa riƙe sitiyari ba amma na san mota da kunne. A majalisar nan muryar babanku ta fi ta kowa. Yana da wata magana da ya maimaita har yara suka haddace.

"Direba a ƙafar hagu yake. Hannu kowa gare shi."

Abin da yake nufi shi ne ambireyaj, abin takawar nan na ƙafar hagu da 'yan Najeriya ke ce wa kuloci, wanda sai ka taka shi kafin ka sauya giya. A cikin yashi mai laushi, in ka sake shi da gaggawa mota ta nutse, in ka yi nawa ta mutu, shi kuwa ƙafarsa kamar tana da ido. Takalminsa na hagu kullum shi ke fara cinyewa, in kai wa baduku shi kaɗai, na dama yana gida lafiya lau, kuma alfahari yake da hakan. In aka ambaci otomatik sai majalisa ta fashe. Motar ragwaye, motar matan Nasara, akwatin da ke tuƙa mutum. Kada ku ce jahilci ne, suna da hujja. A al'adarsu ba a tsayar da mota sai an juya hancinta gangare, saboda in batir ya mutu a wurin da ba kowa, a tura ta, a saki ambireyaj, ta tashi. Otomatik kuwa ko gari guda ya taru ya tura ta ba ta tashi. A hamada wannan magana ce ta rai da mutuwa.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, cikin sanyi, abin ya same mu. Sun tsaya gyara kusa da iyaka, ya shiga ƙarƙashin mota, yashi ya zame daga gindin jak, mota ta sauko masa a ƙafa. Kafin a iso da shi asibitin Tam ƙafar ta riga ta yi baƙi. Likitoci sun ceci ransa, Allah ya saka musu da alheri, amma sai da suka yanke ta sama da gwiwa. Da aka fito aka ce mini ta hagu ce, sai na zauna a ƙasa a gaban mutane, don na san ba ƙafa kaɗai aka yanke ba.

Rauni ya warke, mutumin bai warke ba. Ya juya fuska bango, ya ce a kashe rediyo. Sandunan da aka ba shi suna jingine a lungu, sai dai in share ƙurarsu. Abokansa suna zuwa gaisuwa, amma don tausayi ba mai ambatar mota, su yi ta maganar sanyi da tsadar sukari, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. In wata mota ta wuce ta ƙofar gida ta sauya giya, ina ganin hannunsa na dama ya motsa a kan bargo. Gidan da muryarsa ke cikawa ya koma gidan raɗa, kai Mutari har tafiya kake a kan yatsu. Wata rana ina shara na ci karo da takalminsa na hagu a ƙarƙashin gado, da sabon facin da baduku ya yi masa. Na rasa yadda zan yi da shi, jefarwa ta gagare ni, bari a fili ya gagare ni, sai na naɗe shi cikin tsohon zane na tura ƙasan akwatina.

Ana nan sai Yaya Habu ya zo daga Damagaram da kaya. Ya zauna bakin gado, ya kalli abokinsa, ya kalle ni.

"Rabi, zaman mi kuke yi nan? Garin mutane ne, ba namu ba. In na saida kayana zan koma. In shimfiɗa mishi katifa bisa kaya, ku tahi gida. Can akwai dangi, shi zamna ƙofar gida, ba mai barin shi da yunwa."

Don ƙauna ya faɗa, na sani. Na jira babanku ya tashi da faɗa, mutumin da ko a kan yawan sukarin shayi sai ya yi gardama. Bai ko juyo ba, daga bango ya amsa.

"Yadda kuka gani."

Wannan kalma ta tsorata ni fiye da ranar asibiti. Na hango shi a saman kamyo an ɗaure shi tsakanin buhuna, na hango shi a ƙofar gidansu yana kallon titi, masu wucewa suna ajiye masa sadaka. Na san in aka kai shi can ba zai daɗe ba, kuma ba yunwa ce za ta kashe shi ba. Abin da ya rage mini shi ne kwanakin da kayan Yaya Habu za su ɗauka kafin su ƙare.

Cikin kwanakin nan na kai turare da lalle gidan wata ƙawata Fatimata, matar wani Buzu ɗan gari mai suna Agali, za su aurar da 'ya. Agali a da yana yawo da Turawa cikin duwatsu, amma tashin hankalin da ake yi a arewacin ƙasar ya kore su, aiki ya mutu. A tsakar gidansu akwai wata kat-kat an rufe ta da tabarmi, awaki suna kwance a inuwarta. Wani Bature ne ya bar masa ita a madadin ladansa ya tafi bai dawo ba. Na sha ganinta ban kula ba. Ranar dai na goge ƙurar gilashi da gefen mayafina na leƙa. Ni da na yi shekaru ina share wa babanku mota duk dawowa, na san abin takawa uku ne. Nan biyu na gani.

"Fatimata, wa ya cire ma motar ga ƙafa guda?"

Agali yana dama shayi a gefe, ya kwashe da dariya.

"Haka aka ƙera ta. Ita ke sauya ma kanta giya. Ba mai so. Na kai ta wurin direbobinku, mijinki da bakinshi ya ce in zuba mata ƙasa in shuka albasa."

"Mai ƙafa guda yana iya tuƙa ta?"

Dariyar ta tsaya. Ya ajiye butar, ya daɗe yana kallona ta saman rawaninsa, sannan ya ce in ta dama ce ta rage, yana iyawa.

Ba ni da abin sayen mota, jinya ta cinye abin da muka tara. Abu ɗaya gare ni, rumfa, kuma na san Fatimata ta daɗe tana sha'awar wuri a Assihar. Ku da kuka tashi kuka gan ni a bakin kasuwa ba ku san abin da rumfar nan take a wurina ba. Da faranti a ka na fara, gida gida, ina jin Larabcin da ban iya ba ana yi mini dariya, har Allah ya ba ni wuri mai ƙofa da kwaɗo, har mata suna cewa mu haɗu rumfar Rabi. Ita ke ciyar da mu tun da ya kwanta. Na yi istihara, ban shawarci kowa ba, don na san duk wanda na tambaya zai hana ni, kuma zai fi ni hujja. Muka yi musaya a gaban shaidu, rumfa da abin da ke cikinta, mota da abin da ke cikinta, takardu kuma su zauna da sunan Agali tunda shi ne ɗan ƙasa. Ranar da na miƙa mabuɗin ban yi kuka a gabansu ba, sai da na sha kwana.

Agali ya sa aka sauya mata batir da mai, ya tuƙo ta har ƙofar gidanmu. Kafin ya kashe inji unguwa ta taru, kafin la'asar majalisa gaba ɗaya ta iso, Yaya Habu a gaba, idonsa jawur.

"Rabi, kin haukace? Kin saida abincin ɗiyanki kin sayo akurkin kaji? In batir ya mutu tsakiyar daji, wa zai tura ta ta tashi? In cikinta ya lalace, wane makanike ya san shi daga nan har Alje, babban birni? In ana gangaro dutse da mi za a riƙe ta, sai birki shi ƙone a faɗa rami?"

Sauran suna ta gyaɗa kai, wani ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so, wani ya ce ai ba a haɗa namiji da motar da ba ta jin umurni. Ban taɓa mayar wa wana magana a gaban mutane ba sai ranar.

"Yaya, duk abin da ka faɗi gaskiya ne. Amma cikin motocinku masu jin umurni, wacce ke tahiya ba ƙafar hagu?"

Na juya na bar su tsaye. Na shige ciki, na tarar babanku a zaune, karo na farko ba wanda ya tayar da shi. Ya ji komai ta taga.

"Ni za ki maida abin dariya, Rabi? Ni Issufu in hau motar da na ce a shuka ma albasa? In wuce gaban majalisa a ce ga gurgu cikin motar mata? Maida musu abinsu."

"Ba ta maiduwa, Malam. Rumfa ta tahi."

Ya kalle ni ido cikin ido, abin da ya yi watanni bai yi ba, ya ce na kashe mu. Maganar ta soke ni, kuma tsoro ya kama ni sosai, don in ya ƙi hawa ba mota ba rumfa, ni na jefa ku cikin yunwa da hannuna. Amma can ƙasan zuciyata wani abu ya yi sanyi. Mutumin da ke faɗa bai mutu ba tukuna.

Motar ta zauna a ƙofar gida, yaran unguwa suna hawa suna sauka. Ni kuma na koma faranti, na shimfiɗa buhu a ƙasa a bakin kasuwa, ina hango Fatimata tana buɗe ƙofar da nake buɗewa. Mata suna wucewa suna gaishe ni da muryar ta'aziyya. Kayan Yaya Habu kuwa kullum raguwa suke, har ya sayi katifar ya ɗaure ta a saman kamyo. Da ya ga na kafe, sai ya kawo shawarar da yake ganin za ta rufe bakina.

"Ran Jumma'a bayan masallaci ni da kaina zan tuƙa ta zuwa ƙauyen Tit, gaban kowa. Issufu shi zamna gefena shi zama alƙali. In ya ce mota ce, na yi shiru. In ya ce ba mota ba ce, ku ɗaure kaya."

Babanku ya yarda, don yana so ya yanke mata hukunci da bakinsa, kuma a duniya ba abin da ba ya iya ƙi kamar a ce ya yi alƙalancin mota. Ranar ya ɗauki sandunan nan ya fito da kansa, rana ta kashe masa ido, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Aka zaunar da shi gaba. Ni na shiga baya da kwanon fura a cinya don hanya, sauran direbobi suka cika motoci biyu suka biyo mu kallo. Agali ya matso zai nuna wa Yaya Habu yadda ake yi, nan gaba, nan baya, ya fara cewa ƙafar hagu kuwa, sai wana ya ɗaga masa hannu.

"Ni za a koya ma mota? Tun kana kiwon raƙuma nake bisa hanya."

Muka fita gari muka hau kwalta ta arewa. Yaya Habu ya ba ta wuta, kukan inji ya ɗaga, ya kai daidai inda kunnen kowane direba ke ce masa sauya. Hannunsa ya tafi neman giya, ƙafarsa ta hagu ta tashi da kanta, ta sauka da irin ƙarfin da yake taka ambireyaj ɗin kamyo. To a motar nan ba abin da ke wurin sai birki, mai faɗi kamar tafin hannu biyu. Mota ta tsaya cak. Hancinsa ya daki sitiyari, rawaninsa ya tashi ya faɗa kan gilashi, furata kuwa ta bar kwano gaba ɗaya ta sauka a ƙeyarsa. Motar da ke bayanmu da ƙyar ta kauce ta faɗa gefen hanya.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Aljanu gare ta!"

Ya goge wuya, ya naɗa rawani, ya sake tashi yana zagin Bature da wanda ya haifi Bature. Muka yi 'yar tafiya lafiya, har muka hango shingen jandarma. Ya zo rage gudu, ƙafar nan ta sake tashi ba da izininsa ba, muka sake yin sujada gaba ɗaya, a gaban jandarmomi, har ɗayansu ya leƙo yana tambaya ko direban lafiya yake. Da muka wuce, Yaya Habu, madugun hamada guda, ya kama ƙafarsa ta hagu da hannu biyu ya naɗe ta ƙarƙashin cinyarsa kamar mai zaman cin tuwo. Ba mu yi nisa ba wani jaki ya tsallaka hanya, ƙafar ta kuɓuce.

Sai na ji wani sauti daga kujerar gaba. Na ɗauka babanku ya bugu ne yana nishi, na miƙa hannu in taɓa shi. Kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake. Ta fara kamar tari, ta zo ta fashe, yana dukan cinya yana riƙe ciki, hawaye suna bin gemunsa. Na yi wata nawa ban ji wannan muryar ba. Da ƙyar ya samu numfashi.

"Madugu, ba laifin motar ba ne. Ƙafarka ce ta yi maka yawa. Sauka ka ba wanda aka ƙera ta dominshi."

Ya buɗe ƙofa ya zagayo da sandunansa, direbobi suka ruga za su tallabe shi, ya ce kowa ya matsa. Ya ja jikinsa ya hau, ya miƙo mini sandunan baya, ya gyara madubi. Ya daɗe riƙe da sitiyari bai yi komai ba, ni kuwa ina karanta duk addu'ar da na sani. Sannan ya taka. Kukan inji ya ɗaga, ya kai wurin sauya giya, na ga dungun cinyarsa ya zabura cikin ƙafar wandon da na ɗaure masa da zare, ya nemi abin takawa bai kai ko'ina ba, mota kuwa ta sauya abinta ta wuce sumul. Kuskuren da ya kayar da madugu, shi Allah ya riga ya ɗauke masa. Ya karkata kai yana sauraron cikinta, can sai na ji yana gunaguni.

"Ta makara. Da ni ne tun ɗazu na sauya."

Na rufe fuskata da mayafi na yi kukan da ya fi na ranar mabuɗi. Gardama ta dawo, mijina ya dawo.

Dab da Tit ya bar kwalta ya nufi kori, busasshen rafin nan mai yashi kamar gari, inda direbobi ke gwada junansu. Ya tsaya a baki, ya dubi wana ya ce ya sauka ya rage iskar tayu, yau shi ne yaron mota. Yaya Habu ya sauka yana mita, fura tana bushewa a wuyansa, ya yi abin da aka sa shi. Babanku ya karanta yashin da ido yadda ya saba, ya zaɓi hanyarsa, ya shiga. Inda mai giyar hannu ke yanke numfashi don ya sauya, ita ba ta yanke ba, ta yi ta ja kamar saniyar huɗa har muka haye. Da muka waiga, ɗaya daga cikin motocin 'yan kallo ta nutse har ciki, manyan direbobi sun tattare riguna suna haƙa da hannu. Muka tsaya a inuwar dabinon Tit muka jira su. Da suka iso, gumi sharkaf, Yaya Habu ya ce to alƙali ya yanke hukunci, mota ce ko ba mota ba ce. Duk rayuwarmu tana kan abin da zai fito bakinsa. Ya shafa sitiyari, ya ɓata rai kamar gaske.

"Ba mota ba ce. Motar da ba a turawa ba mota ba ce." Ya gyara zama a kujerar. "Amma wallahi ba ni sauka."

To kun ji, Mutari da Salisu. Har ya koma ga Allah bai taɓa yarda otomatik mota ce ba, kuma har ya koma ga Allah ita ya tuƙa. Kowannenku rabin ubansa ya riƙe.

Kada kuma ku ɗauka kyauta muka samu. Duk abin da Yaya Habu ya faɗa a ƙofar gida gaskiya ne. Babanku bai sake ƙetare babbar hamada a kan sitiyari ba, madugu bai sa shi a ayari ba, shi ma bai roƙa ba, ya san dokar kuma da bakinsa aka kafa ta. In ayari zai tashi zuwa Agadas yakan wuni ba walwala. Hanyar Tit da Tazruk ya kama, inda ba a rasa mutane, yana kai sukari da shayi da gari, yana sauko da ɓaure da inabi da tumatir da awaki. Batir biyu yake yawo da su, ya koyi yadda ake riƙe ta a ƙaramar giya in ana gangaro dutse, har mutanen Tazruk suna gane hon ɗinsa tun daga nesa. Akwai shekarar da cikinta ya lalace, muka daɗe muna jiran ƙarfe daga arewa, muka sha wuya ba kaɗan ba. Ni kuma ban sake mallakar rumfa ba. A bayan motar nake sayar da abin da ya sauko da shi, a bakin kasuwa, rana a kaina. Har yau in na bi ta gaban ƙofar nan sai zuciyata ta motsa, ko da yake an sauya mata masu ita sau da yawa kuma tsofaffi suna ce mata rumfar Rabi. Amma in aka dawo da ni tsakar gidan Agali, zan sake goge gilashin nan in leƙa.

Ranar da Yaya Habu zai koma, da safe ina haɗa masa guzuri, babanku ya kira ni.

"Rabi, ɗauko mini takalmin da kika ɓoye ƙasan akwati."

Ashe duk kwanciyar nan da fuska a bango yana sane. Na ɗauko, ya karɓa ya sa a aljihun riga. A al'adarmu in matafiyi zai shiga hamada ana raka shi har bayan gari. Babanku ya ce in shiga gaban motarmu, ku ya zuba ku a baya, ya tuƙa ya wuce gaban kamyon da aka shirya don ɗaukarsa, ya bi da mu ta bayan Assihar da gangan, a hankali, yana danna hon, majalisa ta miƙe tsaye, 'yan kasuwa suna fitowa daga rumfuna, Fatimata ta rangaɗa guɗa. A inda gidaje suka ƙare aka tsaya aka yi addu'a. Katifar tana nan a saman kaya, a ɗaure, ba kowa a kanta. Babanku ya zaro takalmin ya miƙa wa wana ta taga.

"Madugu, ɗora wannan bisa katifar. Shi ne mai zuwa zaman ƙofar gida. In sun tambaye ka sauran, ka ce yana wurin aiki."

Yaya Habu ya karɓa da hannu biyu, ya juya baya yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi. Da kansa ya hau saman kaya ya soke takalmin ƙarƙashin igiya. Muka tsaya muna kallon kamyo yana tafiya kudu da katifa guda da takalmi guda, har ya ɓace. Sannan babanku ya juya hancin motar wajen gari, ya taka, ya karkata kai yana saurare, ya ce mini in ji fa, ta sake makara.